Dala 2,000 a Shekara: Tarihin Masu Kula da Manhajar da Duniya Ke Mora Kyauta

A mako na biyu na watan Afrilun 2014, ana tsaka da lokacin biyan haraji, hukumar tara haraji ta ƙasar Kanada ta rufe shafinta na intanet. Kafin ta ankara, wani ya riga ya kutsa ya kwashe lambobin shaida na mutum kusan 900 cikin sa'o'i shida. Dole ta sa aka ɗage wa'adin biyan haraji daga 30 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu. Kafar da ɓarawon ya bi tana cikin wata manhaja ce mai suna OpenSSL, wadda hukumar ta ɗauko kyauta kamar yadda kowa ke ɗauka. Aikin manhajar shi ne kulle bayanan da ke kai-komo tsakanin mai buɗe shafi da kwamfutar da ke riƙe da shafin. Ɗan hoton kwaɗon ƙofar nan da aka saba gani a gefen adireshin banki ko na imel, a galibin shafukan wancan lokaci OpenSSL ce ke bayansa.

An sanar da ɓarakar ranar 7 ga Afrilu, aka raɗa mata suna Heartbleed. Wani injiniyan Google mai suna Neel Mehta da kamfanin tsaro na Codenomicon da ke ƙasar Finland ne suka gano ta, kowa ta hanyarsa. Kamfanin Netcraft, mai ƙidayar shafuka, ya kiyasta cewa abin ya shafi kusan rabin miliyan daga cikin shafukan da ake ɗauka amintattu ne. Har wayoyin Android masu siga 4.1.1 ba su tsira ba. Bankuna da ma'aikatun gwamnati suka kwana suna liƙe kafa, ana ta kira ga jama'a su canza kalmar sirri.

Da ƙura ta ɗan lafa, 'yan jarida suka shiga neman kamfanin da ke da manhajar don su ji ta bakinsa. Suka tarar babu wani kamfani. 'Yan mutane ne ƙalilan warwatse a ƙasashe daban-daban, kowa da sana'ar da yake ci da ita, suna taɓa OpenSSL in sun sami sarari. Mutum ɗaya tak ne ya mai da ita aikinsa na kullum, wani masanin lissafi ɗan Birtaniya, Stephen Henson. Steve Marquess, wanda ke riƙe da asusun aikin daga jihar Maryland ta Amurka, ya bayyana cewa gudummawar da jama'a ke aiko musu wajen dala 2,000 ce a shekara. Sauran abin da ke shigowa na kwangila ne, kuma bai taɓa haura dala miliyan 1 a shekara ba.

Kafin tsaron cinikin duniya ya rataya a wuyan mutum ɗaya, an yi tafiyar kusan shekara 60. A duk tsawon tafiyar, tambaya ɗaya ake ta juyawa: abin da aka taru aka gina don kowa, wa zai zauna yana kula da shi, kuma wa zai ciyar da mai kular?

Daga musaya zuwa sirrin kamfani

A shekarun 1950, wanda ya sayi kwamfuta ko ya yi hayarta yana samun manhajarta a haɗe, ba a yanka mata farashi dabam. Injin ne mai tsada. A 1955 ma'aikatun da ke amfani da injinan IBM suka kafa ƙungiya mai suna SHARE, inda injiniyan wannan kamfani zai rubuta abin da ya warware masa matsala, ya miƙa wa takwaransa na wancan, shi ma ya ƙara nasa ya mayar. Masu wannan musaya duk 'yan albashi ne, iyayen gidansu ke biyan lokacin da suke ɓatawa. A 1969 IBM ya raba cinikin biyu, ya fara sayar da manhaja da kuɗinta. Sannu a hankali rubutun asali, wato umarnin da mutum ke iya karantawa ya gane yadda manhaja ke aiki, ya koma sirrin da ake kullewa.

A watan Fabrairun 1976 wani saurayi ɗan shekara 20, Bill Gates, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu sha'awar ƙananan kwamfutoci, waɗanda ke kwafar manhajar BASIC ta kamfaninsa a kan tef ɗin takarda suna raba wa juna. Ya kira abin sata. Ya kuma tambaya ko akwai ƙwararren da zai ɓata shekaru yana rubuta manhaja, yana farautar kurakuranta, yana rubuta bayaninta, sannan ya raba ta a banza. Masu kwafar sun ji haushi, sun mayar masa da martani, amma tambayar tasa ba ta mutu ba.

Amsar da ta fi tasiri ta fito ne daga Richard Stallman na jami'ar MIT. Wajen 1980 aka kawo wa ɗakin bincikensu sabon injin buga takarda na kamfanin Xerox, mai yawan cije takarda. A tsohon injinsu Stallman ya taɓa gyara manhajar yadda za ta sanar da masu jira in takarda ta maƙale. Da ya nemi rubutun asalin sabon don ya yi masa haka, aka hana shi. A watan Satumban 1983 ya sanar da aikin GNU, wato gina cikakken tsarin sarrafa kwamfuta da babu mai kulle shi, ya kuma ajiye aikinsa a Janairun 1984. Lasisin GPL da ya fitar a 1989 ya ba kowa damar amfani da manhaja, da karanta rubutunta, da gyara ta, da raba ta, bisa sharaɗin duk wanda ya raba gyararriya sai ya bar ta a buɗe ga na gaba.

Stallman bai taɓa cewa a yi aikin da yunwa ba. Shi da kansa yana sayar da manhajar Emacs a kan tef, dala 150 kowane ɗaya, gidauniyar da ya kafa a 1985 kuma ta ɗauki masu rubuta manhaja aiki da albashi. A 1989 Michael Tiemann da John Gilmore da David Henkel-Wallace suka kafa Cygnus a kan wani sabon salon ciniki: manhajar kyauta ce, amma in kana so a gyara maka ita da gaggawa ko a daidaita ta da sabon injinka, sai ka biya. Shekara 10 bayan haka kamfanin Red Hat ya saye Cygnus da hannun jarin da ya haura dala miliyan 600.

Linux da zuwan masu kuɗi

A watan Agustan 1991 Linus Torvalds, ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki, ya sanar cewa yana rubuta jigon wani tsarin sarrafa kwamfuta don nishaɗin kansa. Mutanen da bai taɓa gani ba suka fara aiko masa da gyare-gyare, cikin 'yan shekaru aikin, mai suna Linux, ya zama abin da ɗaruruwan 'yan sa-kai ke ginawa bayan sun tashi daga aiki. Eric Raymond ya rubuta maƙala a 1997 yana yaba wannan tsari, inda ya kafa hujjar da ta zama kamar aƙida a tsakaninsu: muddin idanu suka yi yawa a kan rubutu, kuskure ba shi da wurin ɓuya.

Daga nan kuɗi ya shigo da ƙarfinsa. Red Hat ya shiga kasuwar hannun jari a Agustan 1999. A ƙarshen 2000 IBM ya yi alkawarin zuba dala biliyan 1 a Linux. Shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya kamanta Linux da cutar daji a 2001, amma a 2018 Microsoft ɗin ne ya sayi GitHub, babbar matattarar buɗaɗɗun manhajoji, a kan dala biliyan 7.5. A 2019 IBM ya saye Red Hat a kan dala biliyan 34. Shi kansa Torvalds tun 2003 albashi yake karɓa daga wata cibiya da kamfanoni ke tara wa kuɗi, wadda ta zama Linux Foundation a 2007. Rahotannin gidauniyar sun nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na aikin da ake yi a jigon Linux ma'aikata masu albashi ne ke yinsa, daga Intel da Red Hat da Samsung da Google da sauransu. Wannan jigon ne ke cikin kowace wayar Android, ko a Farm Centre ta Kano aka saye ta ko a Yamai.

Yadda aka haɗa albashi da haɗin gwiwa a Linux abin lura ne. Kamfani na biyan injiniyansa, amma ba shi ke yanke hukunci ba. Gyaran da ma'aikacin Intel ya aiko sai ya bi ta hannun mai kula da sashen, wanda mai yiwuwa ma'aikacin abokin hamayyarsu ne, in bai gamsu ba ya mayar masa ya sake. Kowa na da hajar da yake karewa, shi ya sa idanun suke a buɗe da gaske.

Sai dai Linux ɗaya ce, ƙananan manhajojin da take tafiya tare da su kuwa dubbai ne. Haƙa rijiya da gayya abu ne mai daɗi, ana kiɗa, ana ci, kowa na son a ga guminsa. Yasarta shekara bayan shekara, mutum ya sauka cikin laka shi kaɗai masu guga na tsaye a baki suna ƙorafin ruwa ya yi dauɗa, ba kowa ke rububinsa ba. Rubuta sabon abu yana jawo suna. Karanta gyaran da wani ya aiko layi bayan layi, da amsa ƙorafe-ƙorafe, da lallaɓa tsohon rubutu ya ci gaba da aiki a kan injinan da aka daina ƙerawa, shi ne aikin kula, kuma a manhajar da babu kamfanin da ke ganin ta hajarsa ce, a kan mutum ɗaya ko biyu yake ƙarewa.

Lokacin da kuɗi ya raba kan Debian

Ba kuma ko'ina ake maraba da albashi ba. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, tarin manhajoji ne da 'yan sa-kai wajen 1,000 ke haɗawa, da kundin tsarin mulkinsu a rubuce, suna zaɓen shugaba duk shekara. A da, babbar matsalarta jinkiri ce, domin sigar da ta fito a 2005 sai da aka yi kusan shekara 3 ana jiranta. A 2006 wasu daga cikinsu, har da shugaban lokacin Anthony Towns, suka buɗe wani asusu a gefe mai suna Dunc-Tank, don a biya mutum biyu masu kula da fitar da sabuwar siga dala 6,000 kowanne, su yi wata guda ba su aikin komai sai wannan, ko a samu a fita a watan Disamba.

Rigima ta kaure. Masu adawa suka ce an mai da gida ɗaya 'yan mowa da 'yan bora. Me zai sa wani ya hana idonsa barci a kyauta alhali na kusa da shi ana biyansa a kan aiki iri ɗaya? Wasu suka sassauta aikinsu, har aka kaɗa ƙuri'ar tsige shugaban, ya tsallake. Sigar ba ta fito a Disamba ba, sai 8 ga Afrilu, 2007. Kuɗi ya sake shiga Debian a 2014 ta wata hanyar, ba tare da hayaniya ba: kamfanin Freexian na Faransa ya fara karɓar gudummawa daga kamfanoni yana biyan wasu 'yan Debian su ci gaba da toshe ɓarakar tsofaffin sigogi har su cika shekara 5. Wannan karon an sa kuɗin ne a kan aikin da dama babu mai sha'awar yi a kyauta.

Layin da babu wanda ya karanta

OpenSSL daga Ostareliya ta samo asali. A 1995, lokacin da dokar Amurka ke lissafa manhajar sirranta bayanai mai ƙarfi cikin kayan yaƙin da ba a fitarwa ƙetare, Eric Young da Tim Hudson suka rubuta tasu mai suna SSLeay suka sake ta ga kowa. Da yake ba a Amurka suke ba, dokar ba ta hau kansu ba, duniya kuwa ta yi rububinta. A ƙarshen 1998 kamfanin RSA ya ɗauke su aiki, suka daina taɓa ta. Wasu 'yan sa-kai a Turai, ciki har da Ben Laurie da Ralf Engelschall da Henson, suka ɗauki rubutun da aka bari suka ci gaba da shi da sabon suna a Disambar shekarar.

Shekara 15 manhajar tana kumbura har ta doshi layi rabin miliyan. Kwangilolin da ke shigowa na masu son a ƙara musu wani abu ne, ko a samo musu takardar amincewar gwamnatin Amurka da ake nema kafin a sayar wa hukumominta kaya. Babu mai biyan kuɗin shara, ƙorafe-ƙorafe suka taru shekaru ba a waiwaye su ba.

Gargaɗi ya zo a 2008. Shekara biyu kafin nan, wani mai kula da OpenSSL a ɓangaren Debian ya cire wasu layuka biyu da na'urar binciken kurakurai ke ta ƙorafi a kansu. Ya tuntuɓi masu manhajar, amma ba a fahimci juna ba. Ashe ɗaya daga cikin layukan shi ke sa makullan sirri su fito barkatai yadda ba za a iya hasashensu ba. Da aka cire shi, makullan da kwamfuta za ta iya ƙirƙira na kowane nau'i suka koma ƙasa da 33,000, adadin da mai kutse zai gwada ɗaya bayan ɗaya ya gama. Sai a watan Mayun 2008 Luciano Bello, ɗan Debian daga Ajantina, ya gano.

Ita kuwa Heartbleed ga yadda ta shiga. Wani ɗalibi mai karatun digirin digirgir a Jamus ya rubuta ƙarin da zai ba kwamfutoci biyu damar tabbatar wa juna cewa layi bai yanke ba. Ɗaya za ta aika 'yar kalma ta faɗi tsawonta, ɗayar ta maimaita mata: ga kalma mai harafi 5, a maido min harafi 5. Abin da ɗalibin ya manta shi ne a sa mai amsawa ta auna ko tsawon da aka faɗa ya yi daidai da abin da aka aiko. Don haka mai kutse zai iya aika harafi 5 ya ce 64,000 ne. Kwamfutar sai ta maido masa biyar ɗinsa, ta cika sauran da duk abin da ke kwance kusa a ƙwaƙwalwarta: kalmar sirrin wanda ya shiga yanzu, saƙon wani, wani lokaci har da makullin sirri na shafin kansa. Yana iya maimaitawa sau dubbai, kuma ba ya barin sawu a kundin shige da fice.

Henson ne ya duba ƙarin, shi kaɗai, ya shigar da shi ranar 31 ga Disamba, 2011. Ya fita ga duniya a watan Maris na 2012, ya yi shekara biyu a fili cikin rubutun da kowa ke da damar karantawa. Gyaran da ya toshe kafar 'yan layuka ne. Idanun nan masu yawa da ake tutiya da su suna can suna amfani da manhajar, kowa ya ɗauka wani ne ke karantawa.

Ihu bayan hari

Martanin ya kasu uku. Masu gina tsarin sarrafa kwamfuta na OpenBSD, ƙarƙashin Theo de Raadt a Kanada, suka kwafi rubutun suka kama shara, cikin mako guda suka zubar da layi wajen 90,000, suka kira tasu LibreSSL. Google ya yi nasa kwafin mai suna BoringSSL don Chrome da Android, ya kuma faɗa a fili cewa don buƙatar kansa ya yi, bai ɗaukar wa kowa alkawarin komai ba. Linux Foundation kuwa ta bi manyan kamfanoni gida-gida. Amazon da Facebook da Google da Microsoft da IBM da Intel da Cisco da wasu suka amince kowanne ya ba da dala 100,000 a shekara har shekara 3. Da kuɗin aka ɗauki mutum biyu aikin cikakken lokaci a OpenSSL, aka biya ƙwararru suka bi rubutun da bincike. Masu manhajar su ma suka kafa doka cewa babu gyaran da zai shiga sai wani ya duba ya sa hannu.

Da aka fara leƙawa, sai aka ga ba OpenSSL kaɗai ba ce. Werner Koch, Bajamushen da ke riƙe da GnuPG tun 1997, manhajar da 'yan jarida da masu fallasa irin su Edward Snowden ke ɓoye saƙonninsu da ita, yana dab da ajiye aikin saboda talauci. Sai da kafar ProPublica ta ba da labarinsa a Fabrairun 2015 gudummawa ta kwararo, Facebook da Stripe kowanne ya yi alkawarin dala 50,000 a shekara.

A Disambar 2021 abin ya maimaita kansa da Log4j, 'yar manhajar da ke rubuta kundin abin da ke gudana cikin manyan manhajoji. Wani injiniyan Alibaba ne ya gano cewa da ɗan rubutu layi ɗaya, ko a akwatin hira na wasan Minecraft aka buga shi, ana iya ƙwace kwamfuta. 'Yan sa-kan gidauniyar Apache da ke kula da ita suka yi kwanaki ba barci suna gyara, ana yi musu ruwan zagi. Fadar White House ta kira taron manyan kamfanoni a Janairun 2022. A cikin watan ne Daniel Stenberg ɗan ƙasar Suwidin, mai manhajar curl da ke cikin biliyoyin na'urori, ya sami saƙo daga wani hamshaƙin kamfanin Amurka da bai taɓa biyansa sisi ba, ana umartarsa ya amsa jerin tambayoyi a kan Log4j cikin sa'a 24. Manhajar tasa ba ta ma amfani da Log4j. Ya amsa musu cewa a shirye yake, da zarar sun sa hannu a kwangilar kula.

Kuɗin kamfani da igiyarsa

Inda kamfani ya ɗauki nauyin kula baki ɗaya, wata matsalar ce ke fitowa, domin mai biya shi ke da ikon dainawa. 'Yan sa-kai ne suka fara CentOS a 2004, kwafin kyauta na tsarin Red Hat. A 2014 Red Hat ya rungume ta, ya ɗauki manyan masu kula da ita aiki. A Disambar 2020 aka sanar cewa siga ta 8, wadda aka ce za a kula da ita har 2029, za a daina a ƙarshen 2021. Jami'o'i da ƙananan kamfanonin da suka gina aikinsu a kanta suka shiga neman mafita, har aka kafa Rocky Linux da AlmaLinux don maye gurbinta.

Su ma kamfanonin da ke biyan masu rubuta manhajarsu suna da kukansu. Elastic a 2021, HashiCorp a 2023, da Redis a 2024 duk sun canza lasisi, suna cewa wasu na cin riba da guminsu ba sa mayar da komai. Elastic ya ambaci Amazon da suna. Kowane karo, masu ba da gudummawa da abokan hamayya suka kwafi siga ta ƙarshe mai buɗaɗɗen lasisi suka ci gaba da ita da sabon suna: OpenSearch, OpenTofu, Valkey.

Rabin daƙiƙa

Xz ƙaramar manhaja ce mai matse fayil ya rage girma, tana cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux. Lasse Collin ɗan ƙasar Finland ya shafe shekaru yana kula da ita shi kaɗai, babu albashi. A 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara aiko masa da ƙananan gyare-gyare masu kyau, cikin ladabi. A 2022 wasu sunaye da ba a taɓa jin su ba suka yi wa Collin ca, suna cewa aiki ya tsaya, yana riƙe da abin da ba ya iya kula da shi, ya miƙa wa wani. Collin ya amsa cewa ƙarfinsa ya ragu, aikin kuma na sha'awa ne da babu mai biyansa, amma Jia Tan na taimaka masa, kuma mai yiwuwa ya ƙara masa matsayi. Haka aka yi. Jia Tan ya yi fiye da shekara biyu yana aikin wahalar da kowa ke gudu, har ya kai ga shi ke fitar da sabuwar siga. A Fabrairu da Maris na 2024 ya fitar da 5.6.0 da 5.6.1, ɗauke da ɓoyayyar ƙofa da aka cusa cikin fayilolin gwaji, wadda za ta ba mai riƙe da wani makulli na musamman damar shiga kwamfuta daga nesa ya yi yadda ya ga dama.

Andres Freund, Bajamushe mai aiki da Microsoft, ana biyansa ne don ya kula da manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, babu ruwansa da xz. Yana gwaje-gwajen sauri a kan sigar Debian da ba a kammala ba, sai ya lura shiga kwamfutar daga nesa na cin ƙarfin injin fiye da kima, yana kuma ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Ya bi diddigi har allura ta tono garma, ya sanar ranar Juma'a, 29 ga Maris, 2024. Allah ya taƙaita, sigar ba ta riga ta shiga manyan tsare-tsaren da bankuna da gwamnatoci ke amfani da su ba. Mai sunan Jia Tan ya yi ɓatan dabo, Collin ya koma ya bi rubutun yana tsince abin da aka shuka.

Gwamnatocin Turai sun fara shiga lamarin ta hanyoyi biyu. Jamus ta kafa asusun Sovereign Tech Fund a 2022, tana biyan masu kula da manhajoji da kuɗin haraji don su yi aikin gyara da tsaro, kuma curl na cikin waɗanda suka fara amfana. Tarayyar Turai kuwa doka ta yi a kan tsaron duk kayan da ke ɗauke da manhaja. Daftarin farko na 2022 ya tayar da hankalin gidauniyoyin Apache da Eclipse da Python da 'yan Debian, waɗanda suka ji tsoron a ɗora wa ɗan sa-kai alhakin abin da ya bayar kyauta, aka yi ta kai ruwa rana har aka cire wanda ba ciniki yake yi da manhajarsa ba. Nauyin ya koma kan mai sayarwa: kamfanin da ya sa curl ko xz cikin wayarsa ko na'urarsa shi zai tantance su, ya ci gaba da toshe ɓaraka a galibin kaya aƙalla shekara 5, in kuma ya gano kuskure a manhajar wani ya sanar da mai kula da ita ya miƙa masa gyaran. Tara na iya kaiwa yuro miliyan 15 ko kashi 2.5 cikin 100 na cinikin kamfani a shekara. Dokar ba ta tilasta wa kowa biyan mai kula albashi ba. Ta fara aiki a Disambar 2024, manyan sharuɗɗanta kuma za su hau kan kamfanoni daga ranar 11 ga Disamba, 2027.